Sanda Biyu, Hannu Ɗaya

Ranar Lahadi ce, hayaƙin gasasshen nama ya cika tsakar gidan Doña Elvira a birnin Rosario. Ɗiyarta Mariela tana yanka wa mijinta Darío nama ƙanana-ƙanana, domin tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, riƙe wuƙa ya fi ƙarfinsa. Hernán, yayan Mariela, shi ke zuba ruwan zafi a ƙoƙon shayin mate yana zagayawa da shi. Ya miƙa wa mahaifiyarsu, ya miƙa wa Mariela, ya miƙa wa abokinsu Osvaldo mai sanƙo. Da layi ya zo kan Darío sai ya tsallake shi. A garin nan kuwa, gara ka zagi mutum da ka tsallake shi a zagayen mate. Kowa ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Su huɗun nan, in ka cire tsohuwa, su ne Patio Mojado, ƙungiyar kiɗan rok da samarin Rosario suka taɓa haukacewa a kanta, ko da yake gidajen rediyo ba su cika sa waƙoƙinta ba. Mariela ke waƙa, Hernán da Osvaldo na kan jita, Darío na kan ganguna. Auren Mariela da Darío ne ya watsa su. Hernán ya ce an ci amanarsa, aboki ya shigo gida ya ɗauke masa ƙanwa, uwar kuma ta goyi bayan ɗanta. Kusan shekara ashirin ke nan ba su hau dandamali tare ba.

"Masu shirya bikin waƙa na bakin kogi sun kira ni," in ji Hernán, yana kallon garwashi. "Suna son mu dawo, mu huɗun nan cif."

Daɗi da tsoro suka kama Mariela a haɗe. Allah ya sani ta yi kewar waƙa.

"To ganguna fa, Yaya?"

"Na gama wannan lissafin. Darío zai zauna a bayan ganguna, mu kashe makirufonsa, mu saki tsohon kiɗansa na faifai. Ya riƙa ɗan motsa hannu kawai. Wa zai gane daga nesa?"

Osvaldo ya shafa sanƙonsa. "Wato mu girke mutum kamar mutum-mutumin gona? Kai Hernán, ka tsufa amma halinka bai tsufa ba."

"In ba haka ba in ɗauko wani makaɗi. Zaɓi biyu ne."

Darío ya ajiye cokalinsa, ya jawo sandar dogarawarsa ya fita bakin ƙofa a hankali, yana jan ƙafa.

A kicin Doña Elvira ta tare ɗiyarta. "Mariela, ki ji tsoron Allah ki dubi tsufana. Ina so in ga 'ya'yana biyu a dandamali ɗaya kafin in mutu. Kin ƙarar da ƙuruciyarki a kan mutumin nan, yanzu kina ƙarar da sauran a jinyarsa. Rana ɗaya tak ba za ki ba ɗan'uwanki ba?"

"Mama, mijina ne fa."

"Ni kuma uwarki ce."

Mariela ta fashe da kuka a kan kwanonin da take wankewa. Maganar uwa ba ta da sauƙin ƙi, amma ta san in ta hau dandamalin nan ta bar Darío a gida, ko ta yarda aka mayar da shi abin kallo, wani abu zai karye a tsakaninsu wanda ba ya ɗoruwa.

Da suka koma gida Darío ya ce, "Ki je ki yi waƙarki, Mari. Ni na riga na ci zamanina."

"Ba inda za ni sai da kai."

"Da wane hannu? Ko buɗe waƙa ba zan iya ba." Ya ɗaga sandar kiɗa ɗaya yana murmushin takaici. Duk waƙar rok makaɗi ne ke buɗe ta, ya buga sanda a kan sanda, sauran su ji su shigo tare. Mai hannu ɗaya kuwa da me zai buga?

Mariela ta share hawayenta, ta ɗauki ɗaya sandar ta miƙe ta a gabansa. "Buga a nan."

Ya dube ta ya daɗe. Sannan ya buga, ƙas, ƙas, ƙas, ƙas.

Washegari ta kira yayanta ta ce ba da ita ba. Hernán ya kashe waya a kunnenta, ya ɗauko wani makaɗi da wata mawaƙiya. Doña Elvira ta daina amsa gaisuwarta. Ranakun Lahadi suka riƙa wucewa ba wanda ya gayyace su cin nama, abin ya yi wa Mariela ciwo ƙwarai, amma ba ta fasa aika wa uwarta magani da burodi ba.

Kullum da hantsi su biyu suna gareji. Darío ya matso da gangunan duka ɓangaren dama, ya ɗora wa ƙafarsa mai lafiya aikin da hannun hagu ke yi a da. Sanda ta sha suɓuce masa, ya sha jifa da ita don haushi, ita kuma ta ɗauko ta mayar masa. Sannu a hankali kiɗa ya fara tsayawa, ba da saurin da ba, amma da nauyi.

Sanyi ya wuce, biki ya matso. Wata ranar Asabar da rana sai ga Osvaldo a ƙofar gareji, Hernán a bayansa kamar wanda aka kamo.

"Faɗa musu da bakinka," in ji Osvaldo. Hernán ya kau da kai. "To ni zan faɗa. Duk gwajin da muka yi, gwanin jitar nan bai taɓa shiga waƙa daidai ba. Sabon makaɗin na bugawa, shi kuma yatsunsa na rawa kamar ɗan koyo."

"Ban san me ya same ni ba," in ji Hernán, kansa a ƙasa.

"Ba abin da ya same ka," in ji Darío. "Haka kake tun muna yara. Kafin kowace waƙa tsoro ke kama ka, kafaɗunka su ɗage. Ni daga baya nake ganinka. Ba na buga sanda sai na ga sun sauka."

"Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Da na gaya maka da ka ƙara jin tsoro."

Hernán ya zauna a kan wani tsohon akwati ya rufe fuskarsa. Mutumin da ya so ya girke kamar gunki, ashe shi ya rufa masa asiri duk tsawon tashensu. Da ya ɗago sai ya ce, "Ƙanwata, ɗora ruwa a wuta." Ya haɗa mate da kansa, ya riƙe wa Darío ƙoƙon har ya shanye.

Ranar biki da yamma bakin kogi ya cika maƙil, masu furfura sun zo da 'ya'yansu. Doña Elvira tana kan kujera a gefen dandamali, carbinta a hannu. Mariela ba ta nufi makirufo ba. Ta zagaya bayan ganguna ta tsaya kusa da mijinta, ta miƙe sanda. Darío ya zuba wa bayan Hernán ido, yana jira. Kafaɗun suka sauka. Ya buga sandarsa a kan tata, kiɗa ya tashi.

Bayan an tashi tsohuwar ta sa aka kai ta wurin surukinta. Ta kama hannunsa na hagu, wanda ba ya motsi, ta riƙe da hannayenta biyu. "Ɗana, ranar Lahadi ku zo da wuri," ta ce, hawaye na bin kumatunta.

Mariela ba ta yi wa uwarta rashin kunya ba, ba ta kuma sayar da mutuncin mijinta don tafin jama'a ba. Ta yi haƙuri, haƙurin ya dawo mata da waƙarta da danginta a rana ɗaya. Aure ke nan: ranar da hannun ɗaya ya gaza, ɗayan ya riƙe masa sanda.