Waƙar da Ba Ta da Numfashi

Ku matso kusa. Hindatu, kashe wayar nan, haskenta na damuna. Labarin Sabitu zan ba ku, abokina mai tace murya a wani ɗan situdiyo da ke saman bene a Funtua.

Kun san aikinsa? Mawaƙi ya rera, shi kuma ya zauna gaban kwamfuta ya gyara. Ya cire ƙarar janareto, ya daidaita muryar da ta kauce, ya sa amsa-kuwwa don waƙa ta yi zaƙi. Duk inda mawaƙi ya ja numfashi kuwa, sai ya yanke wurin ya zubar. Yaron kirki ne, sai dai akwai shi da son yabo.

Wata rana, rana ta take, kowa ya fake a inuwa, Sabitu shi kaɗai ne a sama. Matakalar benen ta ƙarfe ce, ko kyanwa ta hau sai an ji. Bai ji komai ba. Waigawa kawai ya yi, ya ga mace tsaye cikin lulluɓi.

"Sannu da aiki, Malam. Waƙa zan ɗauka."

"Wa ya turo ki, baiwar Allah?"

"An ce duk garin nan babu kamarka."

Shi ke nan, kai ya kumbura.

Ɗakin ɗaukar murya soso ne ko'ina a bango, ko tafi ka yi ba ya dawowa. Amma da ta buɗe baki, muryar ta fito da amsa-kuwwarta, kamar daga cikin rijiya. Ya duba na'ura. Bai kunna komai ba.

Ya dai daure har ta gama. Ya bi zanen muryar a kwamfuta yana neman numfashin da zai yanke. Babu. Daga farko har ƙarshe zare ɗaya ne, ko tsinkewa bai yi ba.

"Hajiya, a ina kika ja numfashi?"

"Abin da ya kawo ni ke nan," in ji ta. "Mutane tsoron waƙata suke. Sa mini numfashi a ciki."

"Ai waɗanda na yanke duk na zubar."

"Kai ba ka da shi?"

Da ni ne, wallahi ta taga zan fita. Shi kuwa gwani, so yake ya nuna zai iya. Ya ja numfashi gaban makirfo, ya ɗauka, ya fara liƙawa a ƙarshen kowane baiti.

Ya liƙa na farko, ƙirjinsa ya yi nauyi. Ya liƙa na gaba. Fanka na juyawa, amma iska ba ta isarsa. Ya ɗago kai. Lulluɓin matar, wanda tun shigowarta bai motsa ba, yanzu yana ɗagawa yana sauka a hankali.

"Ci gaba," ta ce. "Saura kaɗan."

Nan ya gane, in ya kai ƙarshen waƙar nan babu abin da zai rage a ƙirjinsa. Yana son yin a'uziyya, babu iskar yi. Sai yatsa. Ya danna maɓallin komawa baya, ya sake dannawa, ya sake. Kowace dannawa iska na dawo masa. Yana kaiwa kan na farkon, hannu mai sanyi ya riƙe masa wuyan hannu.

"Wannan kam ka riga ka ba ni."

Ta zare memorin da waƙar ke ciki daga kwamfutar ta fita.

Sabitu na nan da ransa, amma ya bar aikin. Yanzu ba ya kai ƙarshen magana sai ya tsaya a tsakiya yana haki. Tausayi yake ba ni ƙwarai.

Kai Ma'aruf, da kake son koyon sana'ar nan, kada ka kuskura ka zauna situdiyo kai kaɗai da tsakar rana. Waƙar kuma tana nan tana yawo a wayoyi. In kun ji mace na rerawa, ta ja numfashi sau ɗaya tak, numfashin kuma na namiji ne, kada ku saurara har ƙarshe. Sauran take nema.