Tsoho Mai Gadin Mashigi

A can wani zamani, a wani ƙauye na bakin teku, kifi ya yi ƙaranci har masunta suka riƙa dawowa gida hannu wofi. Sai Sarkin Ruwa ya kafa turaku a mashigin da kifi ke zuba ƙwai, ya hana jefa koma a wurin sai an yi damina biyu. Ya sa wani tsohon masunci gadi.

Maƙwabcinsa ya zo ya ce, "Baba, jifa ɗaya tak."

Tsoho ya ce, "Ba yanzu ba."

Matarsa ta ce, "Malam, yara sun manta ɗanɗanon kifi."

Ya ce, "Ba yanzu ba."

Rannan Sarkin Ruwa ya yi baƙi daga nesa, ba kifin da zai ba su, sai ga shi da kansa ɗauke da koma. Tsoho ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba yanzu ba." Sarki ya juya cikin kunya.

Da wa'adi ya cika, ruwan mashigin ya yi baƙi ƙirin da kifi. Sarki ya miƙa wa tsoho koma a gaban jama'a, ya ce, "Baba, yanzu fa?"

Tsoho ya yi dariya ya ce, "Yanzu kam!"

Ya jefa. Sai da ƙarti shida suka taya shi ja.