Hatimin da Ya Karkata Dama

Da safiyar Litinin aka bugo wa Sufeto Kuwabara Isamu waya daga kotun garin Shiomori. Akwatin hatimai ya ɓace.

Ya daɗe bai taka kotun ba. Tun da aka mayar da komai cikin kwamfuta, sammaci a waya yake iske shi, ba jar tawada, ba ƙamshin takarda. Da ya shiga ya tarar an kwashe kantocin fayil, sai inuwarsu a bango inda fenti bai koɗe ba.

Alƙali Moriwaki bai ba shi wurin zama ba.

"Hatiman alƙalai ne da na akawuna, masu rai da matattu. Kotu ta sassaƙa su, kayanta ne. Yau kamfani zai zo ya niƙe su. Ka san abin da mugu zai yi da babban hatimin kotu."

"Kyamara fa, ranka ya daɗe?"

"An cire tsofaffin, sababbin ba su fara aiki ba. Amma ƙofar sito tana riƙe sunan duk katin da ya buɗe ta. Ranar Asabar katin Hoshino ne. Idan aka tashi yau babu akwatin, zan kore ta, in miƙa maka ita."

Hoshino Mayu ita ce jami'ar da aka turo daga babban birni ta ɗora kotun a kan na'ura. Ya same ta a ofis, ta zuba wa allon kwamfuta ido ba ta danna komai.

"Ina katinki?"

"Ya faɗi a jirgin ƙasa, yallaɓai."

"Kin kai rahoto?"

"Na manta."

"Ke? Ke da aka ce kin hana alƙali manna lambar sirrinsa a jikin kofin shayinsa?"

Ta sunkuyar da kai. A gefen tebur akwai lemu a kwando, da ganyensa shar.

"Wa ya ba ki?"

"Saya na yi."

Ya ɗauki ɗaya ya duba. Lemun kanti ba ya zuwa da ganye.

A sito, inda akwatin ya zauna an goge shi fes, har ƙasan kantar. A kusurwa akwai ɗan tokar turaren tsinke. Kuwabara ya murza ta da yatsa ya shinshina. A duk aikinsa bai taɓa ganin ɓarawon da ya yi shara ya kunna turare ba.

Ya leƙa ofishin Usami Genzo, babban magatakarda, wanda zai yi ritaya ƙarshen wata. Tsohon na cin shinkafarsa da tsinke.

"Isamu! Har yau wannan takalmin ne? Ba sa biyanka albashi?"

"Ba ka rasa abin faɗa, Baba. Ina kake ranar Asabar?"

"A lambu, wajen lemuna, tun safe har rana ta faɗi."

"Ba ka shigo nan ba?"

"Da wane kati? Sun karɓe mabuɗina. Yanzu ƙofa ma ba ta san ni ba."

Ya yi dariya, amma bai ɗago ido ba.

Tokar turaren ta tuna wa Kuwabara wani wuri. Ya hau tudu zuwa haikalin da ake yi wa tsofaffin allurai da alƙaluma addu'ar sallama idan sun gama aiki. Malamin haikalin, Joen, yana share ganye.

"Ba wanda ya kawo mini komai," in ji Joen tun kafin a tambaye shi.

"Malam, ƙarya a ƙofar ɗakin ibada?"

"Cewa na yi ba a kawo mini ba," in ji Joen, ya nuna ciki da tsintsiya. "Mai ɗakin aka kawo wa."

A gaban bagade, teburin da ake ɗora hadaya, an shimfiɗa farin ƙyalle a kan faranti. An buga kowane hatimi bugun ƙarshe, an tsayar da shi bayan tambarinsa. Babban hatimin kotu yana can hagu a miƙe. Sauran sun jeru zuwa dama bisa girman muƙami, kowane tambari ya ɗan karkata hagu yana rusuna wa na gaba da shi, yadda aka koya wa kowane akawu a makon farko.

Guda ɗaya ne ya saɓa. Tambarin Usami ya juya wa alƙalai baya, ya karkata dama, wajen wani ɗan ƙaramin hatimin katako mai guntulallen baki.

Kuwabara ya durƙusa ya karanta sunan. Fumie.

Sai ya tuna zamanin da yake kurtu, yana hawo matakalar kotu da sammaci a hammata. Kullum hatimin Usami a karkace yake, ta inda bai kamata ba. 'Yan sanda na yi masa dariya, wai hannunsa ke rawa. Ba wanda ya taɓa duba na wa ke damansa. Fumie ƙaramar akawu ce a lokacin. Daga baya ta zama matar Usami, ta kuma rasu da daɗewa.

Ya jima a durƙushe. Ya san abin da doka ta ce. Abin da bai sani ba shi ne ko doka ta taɓa rusuna wa wani.

Ya ɗauki farantin ya sauko.

Da Usami ya gan shi a bakin ƙofa, ya ajiye tsinken cin abincinsa. Hoshino ta fito daga nata ofis ta tsaya.

"Baba, hannunka bai taɓa rawa ba, ashe."

"Ko sau ɗaya," in ji tsohon a hankali.

"Katin fa?"

"Na ce mata sallama kawai zan yi da su. Ta ba ni. Ban san ƙofa na da baki ba." Ya shafa babban yatsansa da tawada ta rine tun shekarun baya. "Niƙa fa, Isamu. Kamar tsakuwa. Waɗannan sun raba aure, sun raba gado, sun saki mutane, sun ɗaure mutane. Ko allura ana yi mata addu'a."

"Tun safe ka san ana tuhumar Hoshino."

Nan ne fuskar tsohon ta sauya.

"Gobe ne addu'ar. Na ce idan ta jure mini kwana ɗaya..." Ya miƙe, ya juya wajenta, ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tebur. "Wannan ita ce satar da na yi. 'Yata, ki yafe mini."

"Baba, ka tashi, don Allah," in ji ta. "Mutane na kallo."

"Su kalla."

Kuwabara ya shiga wurin alƙali ya fito. An janye maganar kora, tuhuma ta koma kan Usami. Bai ciro ankwa ba, kwat ɗin tsohon ya ɗauko ya riƙe masa ya zura hannu.

"Su kuma fa?" Usami ya tambaya, idonsa a kan farantin.

"Shaida ce yanzu. Ba mai niƙa shaida sai an gama shari'a."

Tsohon ya yi ɗan murmushi.

"Da a zamaninmu ne, sai fayil ɗina ya shekara a kanta kafin ya isa gaban alƙali. Da na'urar 'yata kuwa, kafin lemuna ya ƙare an yanke."

Suka sauka matakala, Usami a gaba, Sufeto a baya da farantin a hannu biyu. A bakin mota ɗan sandan da ke tuƙi ya leƙa ƙyallen.

"Yallaɓai, wannan ɗayan a karkace yake."

"Buɗe ƙofa," in ji Kuwabara. "Daidai yake."