Amanar Ɗakin Gwaji

Ranar da ta fara zuwa ɗakin gwajin jini, wani matashin ma'aikacin wurin ne ya ɗaura mata roba a damtse. Malamar firamare ce, idanunta sun yi ruwan ɗorawa, amma bakinta bai mutu ba.

"Malam, ka rage min na komawa gida."

Ya yi dariya. Da sakamako ya fito, dariyar ta ɗauke.

Bayanin likita bai shige ta ba, ta dawo wurinsa. Ya zana da'ira a bayan takarda.

"Akwai masu gadi a cikin jini. In sun ga ƙwayar cuta sai su taru a jikinta, su huda ta, ruwa ya shiga ta fashe. Ƙwayoyin jininmu suna da garkuwar da ke hana a taɓa su. Wasu daga naki ba su da ita."

"Wato masu gadina ne ke cina?"

"Ba su san ke ba ce."

Zuwa ƙarin jini ya zama zuwa hira. Tana ce masa Mai Allura, yana ce mata Malamata.

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarsa ta tsare shi.

"Yarinya kullum asibiti. Kai ka gwada ta, me ke damunta?"

Ya sunkuyar da kai. Abin da ya gani a bakin aiki amana ne, ko uwa ba a faɗa wa. Kuma ya ji nauyin ya roƙi Malama ta tona cikinta don a karɓe ta. Shirunsa ya sa uwar ta zaci cutar da ake ɓoyewa ce, ta ce ba da yawunta ba.

Bayan sati shida ya tura saƙo: "Malamata, na riƙe sirrinki, ga shi zan rasa ki. Ban san ko daidai na yi ba."

Ta amsa: "Mai Allura, sirrin nawa ne. Ni zan kai shi."

Ta je ta durƙusa a bakin tabarmar mahaifiyarsa.

"Mama, ciwon jini ne, ba a ɗauka. Amma ba ni da tabbacin warkewa, haihuwa ma da haɗari gare ni."

"Ya san duk wannan?"

"Ya riga ni sani."

Uwar ta miƙa mata hannu.

"Na zarge ki da abin da ba ki yi ba, 'yata. Tashi daga ƙasan nan, akwai sanyi."

Ranar ɗaurin aure amarya ta gaji tun kafin la'asar. Surukar ta sallami baƙi da kanta, ta riƙo hannun amarya da na ango.

"Allah ya yi muku albarka. Kwanakin da ya rubuta muku, ya sa su ishe ku."