Kwanon Kunu da Duwatsun Kifi

A wani gari an yi wata yarinya da kawunta ya kawo mata akwatin gilashi mai jajayen kifaye uku. Uwarta ta ce, "Sharaɗina ɗaya ne: ranar da ruwan kifi ya taɓa kwanon abinci, ranar za su bar gidan nan."

Wata rana yarinya ta kwaso duwatsun cikin akwatin za ta wanke. Ta nemi bokiti ba ta gani ba, sai ta ɗauki kwanon kunun ƙanenta. Ta ce a ranta, ruwan ai garau yake. Ta gama, ta ɗauraye kwanon ba sabulu, ta kife.

Bayan kwana biyu yaro ya kama gudawa da zazzaɓi. A asibiti aka ce ƙazantar ruwa ce, aka ba shi magani. Uwar na dawowa ta tare tsoho mai garuwa da ke kawo musu ruwa a ƙofar gida, maƙwabta suna kallo.

"Daga wace kwata kake ɗebo mana? Daga yau ba mai shan ruwanka a unguwar nan!"

"Wallahi, uwar gida, ruwana garau yake."

Yarinya ta dubi kifayenta, ta dubi tsohon, ta ce, "Inna, nawa ma garau yake. Ni na wanke duwatsun kifi a kwanon ƙanena."

Uwar ta juya wajen tsohon. Ta ce, "Baba, yi haƙuri, shigo ka cika randa." Sannan ta turo wa yarinya wani tsohon bokiti da ƙafa.

"Ungo. Wannan na kifi ne, shi da sabulunsa."