Yashi a Yajin Nana Hadiza

Ranar Laraba da hantsi aka dawo wa Nana Hadiza da yajin jegon da ta niƙa wa wata mai haihuwa a Kuki. Ta ɗebi kaɗan ta tauna, haƙorinta ya ce ƙaras. Yashi ne. Kafin azahar magana ta zaga gari, wai tsohuwa ta fara cuɗa ƙasa don kwano ya cika. Ba ta da wata sana'a sai wannan.

Adama, 'yar ƙanenta, ta zo ta iske ta tana hawaye. Adama ba mai yawan magana ba ce, sai yawan dube-dube. Ta duba citta da barkono da masoro, duk tsaf suke. Sai ta durƙusa gaban dutsen niƙa.

"Gwaggo, yaushe aka koɗa shi?"

"Ranar Asabar, da na tafi suna Kurfi. Na dawo na ji shi da kaushi, na sa wa surukata Fauziyya albarka."

Idon Gwaggo ya yi rauni, da hannu take gane abu. Adama kuwa ta san dutsen tun tana yarinya. Fari ne, yana ƙyalli a rana kamar sukari. Wata ɗalibar jami'ar Dutsin-Ma mai sayen yaji ta taɓa ce musu asalinsa yashi ne, zafi da nauyin ƙasa suka narke shi ya haɗe, shi ya sa ba ya zubar da ƙwaya. Adama ta ɗauko wuƙa ta karci dutsen da ke gabanta. Wuƙar ta shiga, gari ya zubo.

"Dutsenmu na da, in an karta, wuƙar ce ke barin baƙin layi a kansa," in ji ta a ranta.

Mutum uku suka shiga gidan bayan tafiyar Gwaggo. Adama ta fara da Ma'u, maƙwabciya, wadda ita ma yaji take saidawa.

"Inna Ma'u, kin shigo ranar Asabar?"

"Garwashi na ɗiba. Mi zan yi da dutse, ni da ke kai niƙa inji? Dubi bayana, tulu ma sai an aza mani."

Gaskiya ne, dutsen ya fi ƙarfinta. Sai Fauziyya, matar ɗan Gwaggo, mai tsohon ciki.

"Ke kika sa aka koɗa?"

"A'a. Na tafi awo, na bar Malam Jamaluddeen yana gyaran katangar madafi. Da na dawo ya ce ya ga dutsen ya yi santsi, ya koɗa mana kyauta. Har fura na dama mashi."

Adama ta zaga gindin sabuwar katanga. Cikin yaɓen akwai wasu 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli. Ta zaro ɗaya, ya yanke ta kamar kwalba. Ta ƙwanƙwasa katangar da ƙotar wuƙa, wuri biyu suka yi amo daban.

Aka kira maginin, ya zo da jakar kayansa. Ma'u ta biyo shi don jin ƙwaƙwaf.

"Malam, da mi ka koɗa dutsen?" in ji Adama.

"Da guduma mana. Laifi ne taimako?"

"Mu ga gudumar."

Bakinta duk ya ɓantale. Yatsunsa kuma cike da ƙananan yanka. Adama ta miƙa masa ita.

"Buga wannan dutsen."

Ya buga. Ba wuta, sai ƙura.

"Na Gwaggo wuta yake fitarwa in ƙarfe ya taɓa shi. Wannan mai laushin bai isa ya ci maka guduma ba, bai isa ya yanke ka ba. Wancan ya fi ƙarfe tauri, amma ba ya jure duka, shi ya sa da makoɗin dutse ake bin shi a hankali. Ka maka mashi guduma ya tsage, ka samo mai kama da shi ka ajiye. Guntayen sun yi maka nauyin fitarwa a idon mutane. In sa a kankare katangar nan?"

Jamaluddeen ya share zufa, ya kankare da kansa. Ɓari biyu suka fito, fari tas.

"Wallahi bugu uku na yi, Gwaggo. Kunya ce ta kama ni."

"Taka kunyar ka rufe da laka, tawa ka bar ta a kasuwa," in ji Nana Hadiza.

Aka wanke babban ɓarin. Nana Hadiza ta shafa shi, ta zuba citta da barkono ta niƙa, ta miƙa wa Ma'u. Ma'u ta tauna, ta daɗe tana neman yashi da harshe.

"Babu," ta ce, kamar ba ta so ba.

Nana Hadiza ta ce, "To ki bi gidajen da kika kai wancan labarin ki kai wannan. Kai kuma gobe ka tafi Kurfi ka nemo mani ɗan'uwansa. Adama za ta bi ka da wuƙarta. Gudumar ka bar ta nan."