Masu Ɗakin Ƙasa

Tun da na sauka a otal ɗin nan na Mando raina yake a ɓace. Ofis ya turo ni bita daga Gusau, ga gajiya, ga famfo ba ruwa, shayin da suka kawo min a filas bayan isha'i kuma warin kananzir yake yi. Na juye filas ɗin da zafinsa a magudanar banɗaki, ko bismilla ban yi ba.

Sai aka buga ƙofa. Dattijuwar da muka sha hira a wajen cin abinci ce, wadda ta ba ni labarin Mando tun tana daji. Goye take da jariri yana tsala kuka.

"'Yar nan, wane irin rashin imani ne wannan? Kin ƙona min jika a ɗakin ƙasa!"

"Iya, je ki yi wa manaja masifa! Ni na gina musu otal ɗin?"

Na rufe ƙofar da ƙarfi na murza makulli. Ina cikin huci na tuna otal ɗin ba bene ba ne. A bayana, can cikin magudanar, jaririn ya ci gaba da kuka.